Makullin da Aka Bar wa Baba

Maigidana mutum ne da bai iya cewa a'a ba, kuma ba ƙari nake yi ba. Tun yana yaro 'yan'uwansa suka laƙaba masa Ba-komai, sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi wurin aiki, har yaranmu in sun so tsokana haka suke kiransa a bayan idonsa. Ka ari babur ɗinsa ka dawo da shi babu madubi, ba komai. Ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri. Ranar da na tare a gidansa na tarar ƙofar waje ko sakata ba ta da ita. Da na tambaya sai ya ce ai maƙwabta suna shigowa ɗiban ruwa, kada a wahalar da su. Ni na sa aka kira kafinta a makon farko, kuma har yau ni ke rufe ƙofar nan.

To, wannan bawan Allah shi aka ɗora wa aikin kulle-kulle. Ku ji fa.

A ofishin da ke ba da izinin gini yake aiki. Duk gidan da aka gina bisa ƙa'ida a garinmu yana da fayil a can: zanen gidan ɗaki-ɗaki, takardar izini, sunan mai shi da lambar wayarsa. Fayilolin suna wani dogon ɗaki a baya, kantocin ƙarfe har rufi, warin tsohuwar takarda da maganin gara ya kama ko'ina. Mahaifina, Baba, shi ya riƙe ɗakin nan kusan duk rayuwarsa ta aiki. A nan ya ga Ba-komai, lokacin an ɗauke shi gyaran firinta da jan wayoyi. Baba ne ya kawo shi gidanmu ya duba mana talabijin. Talabijin ta gyaru tun ranar, amma mutumin nan ya ci gaba da zuwa duba lafiyarta har sai da aka sa mana rana.

Abin da ya dame shi a ofis shi ne ganin mutane suna jeka-ka-dawo kwana da kwanaki a kan fayil guda. Ba wanda ya sa shi, ya fara ɗaukar hoton takardun yana zubawa a wata tsohuwar kwamfuta da ya ajiye a ƙarƙashin teburinsa. Da ta fara zafi, fankata ta tsaye ya ɗauke ya kai mata, fankar da aka kawo ni da ita, kuma har yau ban sake ganinta ba. Baba yana dab da ritaya a lokacin, sai ya riƙa jan kujera ya zauna kusa da shi yana nuna masa wane fayil ne ɗan'uwan wane, domin an sha canza lambobin fulotai, kuma a kan Baba kaɗai tsohon lissafin yake. Da haka suka haɗa abin. Akwati ɗaya ne a kan allo: ka rubuta lambar fuloti ko suna ko titi, kafin ka ƙifta ido fayil ya fito.

Ofis kaf da kalmar sirri guda suke shiga. Sunan 'yarmu ta fari ne da shekarar haihuwarta. Sirrin da har mai shayin bakin ƙofa ya sani, kuma yakan tambayi lafiyar yarinyar.

Shekaru ana haka lami lafiya, Baba ya yi ritaya, sai aka kawo sabuwar Darakta, mace mai magana ɗaya. Ta ga abin ya burge ta. Ta ce za a buɗe shi ga dukkan rassan ofis, a kuma buɗe wa jama'a, kowane mai gida ya ga fayil ɗinsa daga wayarsa. Amma da sharaɗi biyu: ya iya ɗaukar taron da zai zo, kuma ya kullu. Ta ce kafin ranar buɗewa za ta ɗauko wani gwani daga waje, wanda sana'arsa ke nan, a biya shi ya yi ƙoƙarin kutsawa. In ya sami ƙofa ko ɗaya a buɗe, za a rufe na Ba-komai a sayo na kamfani, shi kuma ya koma wa firintocinsa.

Ɓangaren faɗaɗawa bai ba shi wahala ba, domin ƙara wa baƙi wurin zama halinsa ne. Yakan biyo ni kicin yana yi mini bayani ina yanka albasa. An sayo masa manyan kwamfutoci uku, kowace ya zuba mata cikakken kwafin fihirisar takardun. Ya sa wata ƙarama a gabansu tana raba masu zuwa, kamar mai shagon aski da ke cewa kai je waccan kujera, kai zo nan. In ɗaya ta mutu, biyun su ɗauke nauyin kafin a gyara ta. Abin da aka fi yawan nema kuma ya ajiye shi kusa, yadda ba sai an shiga can ciki ba. Na ce masa wannan ai ko ni na sani, shi ya sa gishiri yake gefen risho ba a sito ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, washegari kuma na ji ya je ya faɗa wa Darakta a matsayin nasa.

Kullewar ce ta rame da shi. Kowa sai an yanka masa makullinsa, wato sunansa da kalmar sirrinsa shi kaɗai. Ma'aikaci ya ga abin da ya shafi aikinsa, mai gida ya ga gidansa kawai, kuma sai an turo masa wasu lambobi a waya ya shigar. Kowane makulli an ƙayyade masa yawan binciken da zai yi a minti guda, don kada mutum ɗaya ya kwashe fayilolin gari. Ranar da ya kashe tsohuwar kalmar nan ta kowa-da-kowa, tebur-tebur ya bi yana ba abokan aikinsa haƙuri, har lemo ya saya musu. Na ce da shi wai kai ɓarawo ka kama ko kai aka kama?

Da yammacin ranar muna zaune a tsakar gida wayarsa ta yi ƙara. Yana ganin sunan Baba ya miƙe zumbur, ya gyara hula, ya durƙusa a kan siminti. A waya fa. Shekarunmu nawa da aure, har yau bai taɓa haɗa ido da Baba ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, in ya hango shi a titi sai ya sauka daga babur ya tura. Na ji yana ta cewa to Baba, in sha Allahu Baba, yanzu-yanzu Baba. Da ya ajiye na tambaye shi, ya ce Baba ne abin ya ƙi buɗe masa a waya, don tun da aka faɗaɗa shi yake leƙawa da tsohuwar kalmar, ƙaramar matsala ce. Ya ɗauki kwamfutarsa ya shige ɗaki. Ni kuma na ci gaba da tsefe wa ƙaramar 'yarmu kai, ban kawo komai a raina ba.

Ashe tsohuwar kalmar ya mayar. Wai ta Baba ce shi kaɗai. Kuma da yake Baba yana yawan kuskure wajen dannawa, sai ya cire mata duk wani ƙaidi, ba lambobin waya, ba iyakar bincike, kuma tana buɗe fayil ɗin kowa.

Sai dai in faɗi gaskiya, watannin nan Baba ya yi ƙiba. Tun da ya bar aiki ya zama shiru-shiru, ya zauna a kan benci a ƙofar gida ƙarƙashin bishiya yana kallon masu wucewa. Yanzu kuwa bencin ya cika har an ƙaro wani. Tsofaffin abokansa in gardama ta kaure a kan gidan wa aka fara ginawa a layi kaza, ko katangar wa ta ci hanya, sai Baba ya zaro waya ya yanke hukunci. Mahaifiyata, Inna, ta ce mini rabon da ta ji yana waƙa a banɗaki tun muna yara. Matsalar ita ce idon Baba ya yi rauni. Sai ya miƙa wa na kusa da shi wayar ya ce danna mini, ya kuma karanto masa kalmar da ƙarfi, domin rabin majalisar kunnensu ya yi nauyi.

Ni a shagon kitso na gamu da abin. Ina zaune an raba mini kai gida biyu, an gama ɓari ɗaya, sai wata mata da ban taɓa gani ba ta shigo jiran layi. Ta ce gini za su fara, tana zaɓen fasali. Tana ta shafa waya tana nuna wa mai kitso zanen gidajen mutane kamar mai zaɓen ɗinki. Wannan falonsa ya yi, wancan banɗaki ya yi kusa da kicin. Can ta ce ku ga wani, mai gidan nan ko marowaci ne, kicin kamar akurki. Muka yi dariya har da ni. Na miƙa wuya in ga akurkin, sai na ga kicin ɗina.

Da farko haushin akurkin ne ya kama ni, don ni ma na sha faɗa. Sai idona ya sauka a kan sauran. Ga ƙofar baya da ke fita lungu. Ga tagar ɗakin yara, har da faɗinta. Ga sunan maigidana da lambar wayarsa a ƙasa. Na tambaye ta a hankali inda ta sami wannan, ta ce mijin yayarta ne ya ba ta kalmar, shi kuma a wurin wankin mota ya ji. Ta ma karanto mini ita don in amfana. Sunan 'yata, a bakin matar da ba ta san ni ba.

Na ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso na tari mota sai ofis.

Na same shi a ɗan ɗakinsa mai sanyi, kwamfutocin nan uku suna ta ƙugi a cikin keji. Ban gama magana ba na gane ya sani. Ya juyo mini da allo ya nuna mini: kowane makulli layinsa siriri, na Baba kuwa ya yi kauri ya danne sauran, ana shiga da shi daga ɗaruruwan wayoyi safe da rana. Ya ce ya kwana biyu yana kallo. Sannan, don Allah ku ji ƙarfin hali, ya ɗan murmusa ya ce amma kin ga injinan ba su faɗi ba, sun ɗauki nauyin. Saura kaɗan in kwaɗa masa matajin da na taho da shi a hannu ban sani ba.

Na ce gwanin Darakta mako mai zuwa zai zo, kuma ba sai ya yi wani kutse ba, ya je a wanke masa mota kawai. Na ce danna abin nan ka rufe yanzu, in Baba ya kira ka ce masa matsalar intanet ce. Ya ce ba zai yi wa Baba ƙarya ba, kuma ba zai rufe masa ƙofa ta bayan ido ba, mutumin da ya zauna da shi suka haɗa abin fayil bayan fayil. Na ce to shi ke nan, ubana ne, ni zan je in faɗa masa.

"A'a," ya ce. "Ni na buɗe, ni zan je."

Da na san haka kalmar take fita daga bakinsa da kyau, da na daɗe da tsokano ta.

Zuwa kam ya je. Ranar farko ya dawo ya ce sun gaisa sosai, ya kuma gyara wa Baba rediyo. Rana ta biyu ya gyara wa Inna tocila, ya canza ƙwan fitilar zaure, ya ji labarin ciwon gwiwar wani abokin Baba daga farko har ƙarshe. Na ce a haka kafin ka yi maganar sai ka sake musu rufin gida. Abinci ma ya daina shigarsa. Tausayinsa ya kama ni, don na san ba aikin kaɗai yake tsoron rasawa ba, ya ga yadda bencin Baba ya cika, kuma ya san abin da ya cika shi. Rana ta uku na yafa mayafi na ce mu tafi tare, ba zan ce uffan ba, zama kawai zan yi.

Muka sami Baba a falo bayan la'asar, yana kan doguwar kujerarsa da tabarau a goshi. Ba-komai ya durƙusa can bakin ƙofa kusa da takalma, jakar kwamfuta a rungume. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, aka koma kan zafi. Zufa ta jiƙe masa wuyan riga. Na yi gyaran murya. Ya dubi kafet ya ce:

"Baba, makullin nan da na bar maka, rufe shi zan yi."

Daga nan maganar ta zubo. Ya ce laifinsa ne, shi ya bar ƙofa ba ƙaidi alhali ya san aikinsa. Ya ba da labarin matar shagon kitso, bai ambaci majalisa ba ko sau ɗaya, bai ce wa ya karanta wa wa ba. Baba dai ba yaro ba ne. Ya sauko da tabarau ya sa, ya cire, ya riƙe a hannu.

"Har ɗakin jikokina ta gani?"

Ba-komai ya ce har shi.

Baba ya sunkuyar da kai. Na san abin da ke cinsa. Mutumin da a zamaninsa ko shugaban ofis bai isa ya fita da fayil ya kwana da shi a gida ba, yau shi ne ya raba fayilolin gari a bakin titi, da bakinsa, yana murna. Na ga kunya a fuskar ubana, abin da ban taɓa gani ba, kuma ban so ganinsa ba. Can ya tambaya, da wata ƙaramar murya, shi yanzu me zai rage masa. Ba-komai ya ce zai yanka masa nasa makullin kamar na kowane mai gida, zai ga gidansa.

"Gidana kaɗai."

"Shi kaɗai, Baba."

Baba ya ce to a rufe a nan, a gabansa, yana kallo. Ba-komai ya matso da gwiwa ya buɗe kwamfuta a kan ɗan tebur. Dannawa biyu ne, abin da ya hana mu barci kwana da kwanaki. Sannan ya karɓi wayar Baba ya shirya masa sabon, lambobi suka shigo, ya nuna masa inda zai sa. Baba ya rubuta lambar fulotinsa da yatsa ɗaya, gidan da aka haife ni ya fito. Ya rubuta ta maƙwabcinsa, jan rubutu ya fito cewa ba shi da izini. Ya sake gwada wata, haka. Ya gwada tsohuwar kalmar, sunan jikarsa, ita ma ta ƙi. Ya ajiye wayar ya ce Inna ta kawo wa baƙi ruwa, ya tashi ya shiga ciki. Sai da muka kai gida na ga Ba-komai ya baro takalminsa ƙafa ɗaya ya sako na Baba.

Gwanin ya zo, wani siriri mai cin gyaɗa. Ya yi kwanaki yana ƙwanƙwasa ko'ina, ya sami 'yan ƙananan abubuwa, aka gyara, ya sa hannu ya tafi. Ranar buɗewa jama'a suka yi caa a kai, ɗaya daga cikin injinan ma ya ɗauke wajen azahar, ba wanda ya lura sai Ba-komai. Darakta ta yaba masa a gaban kowa, shi kuma ya ba ta haƙuri, ban san na mene ne ba.

Ni hankalina yana kan Baba. Inna ta ce benci na biyu an mayar da shi ciki, masu zuwa don kalmar sun ɗauke ƙafa, sai tsofaffin abokan nan na asali. Ta ce waƙar banɗaki ma ta tsaya. Ba-komai kuwa ya ƙi bin layin gidan Baba gaba ɗaya, yana ganin ya yi abin da ba za a yafe ba. Na haƙura na kwana biyu, sannan wata yamma na dafa abin da Baba yake so na ɗauka da kaina.

Ta ƙofar baya na shiga, na zo zaure zan leƙa in gaishe su, sai na ji wani baƙo a waje yana roƙon Baba ya duba masa wani fuloti da yake son saya, an ce masa nan ake zuwa. Na leƙa ta jikin ƙyaure. Baba ya zaro wayar, ya sa tabarau, ya tambayi lambar, ya danna da yatsa ɗaya a hankali. Jan rubutun ya fito. Sai ya ɗaga wayar ya bi abokansa da ita ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya gani, kamar mai nuna hoton sabon jika.

"Kun gani? Surukina ne ya yi wannan. Ni na ba shi 'ya, ni na koya masa fayilolin nan, amma ko ni ba ta buɗe mini. Je ka ofis, malam, ka bi layi."

Na tsaya a zauren da kwano a hannu, zafinsa yana cin yatsuna. Sai da na goge idona da gefen mayafi sannan na yi sallama.